Farkon Kaka a Santambul: Daga Kumkapi Zuwa Dajin Belgrad

Turkawa gida huɗu suke raba shekara, kuma gidan da yake kamawa daga watan Satumba suna ce masa sonbahar. Mu masu zuwa sari ta kan farashi muka san shi. Lokacin ne shagunan Laleli da Osmanbey da Merter suke tuɓe wa mutum-mutumin talla kayan zafi su saka masa rigunan sanyi, abin da ya yi kwantai na kayan zafi kuma a karya masa kuɗi. Wanda ya san kan harkar riba biyu yake ci: ya kwashi ragowar kayan zafi da araha, tunda a wajenmu zafi ba ya tafiya hutu, sannan ya haɗa da 'yan rigunan sanyi na yara waɗanda za su sauka Garwa ko Njamena ko Yamai daidai shigowar hunturu. Hausa ba ta yanka wa wannan lokaci suna nasa na kansa ba, sai muka ara masa "kaka", don ya zo daidai da lokacin da ake yankan gero ana cirar gyaɗa a gida.

Sai dai mafi yawanmu ba mu taɓa ganin kakar da ido ba. Mutum ya yi shekara goma yana zuwa Istanbul, wadda kakanninmu suke kira Santambul, amma duk saninsa da garin bai wuce layuka bakwai ba: masauki, shago, ofishin kago, gidan abincin da ake tuƙa tuwo, sai motar filin jirgi. A cikin layukan nan kuwa bishiya sai an nema.

Zuwana na bana, a farkon Oktoba, na zo da saƙo wanda ya fi dilolina nauyi. Ɗan yayata shekararsa uku a garin, yana aikin ɗaurin kaya a wani ofishin kago. Takardar zamansa, wadda Turkawa suke kira ikamet, wato iƙamar nan da muka sani, ta ƙare tuni, kuma da ya nemi sabuntawa aka ƙi. Kwana biyu kafin in taso daga Garwa, Yaya ta aiko aka kira ni. Ba ta yi doguwar magana ba, cewa ta yi in je in taho mata da ɗanta, idan kuma ya ƙi, to in dubo mata shi da idona in zo in gaya mata gaskiya, don hoton waya ba ya nuna rama.

To irin wannan magana ba a yin ta a Aksarai. Duk wanda ya san zangonmu na can ya san abin da nake nufi. Ka zauna shan shayi da yaro ka ɗan ɗaga murya da safe, kafin la'asar an yi waya Duwala an ce an ga Alhaji wane yana yi wa ɗansa faɗa saboda ya ci kuɗin mutane. Don haka na ce masa ranar Lahadi, da yake shaguna a rufe suke, ya kai ni inda babu Bahaushe ko ɗaya. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, sai dai daji." Na ce to dajin za mu.

Tun duhu na same shi a ƙofar gidan da suke kwana a Kumkapi. Ban shiga ba, amma ta tagar da take daidai da ƙasan titi na leƙa, na ƙirga katifu takwas a ɗaki ɗaya, na ga bangon ya yi baƙi-baƙi saboda danshi. Wayata ta nuna sanyi ya kai 14. Shi ko a jikinsa, ni kuwa sai da na ɗaura rawani a kan hula.

Kumkapi unguwar masunta ce tun da, kuma da asuba ƙarnin kifi ne yake fara gaishe ka. A Turkiyya ana hana manyan jiragen su fita daga 15 ga Afrilu har zuwa 1 ga Satumba don kifi ya hayayyafa, saboda haka farkon kaka shi ne lokacin da kifi yake cika kasuwa, musamman wani mai tsoka da suke kira palamut. Mun wuce gidajen cin kifin nan da suke raba dare ana kiɗa, kujeru a kife a kan tebura, kyanwoyi suna binciken abin da ya rage. Babu kowa a layin sai yaran nan masu jan ƙaton buhu a kan keken ƙarfe suna tsintar kwali da roba. Ɗan nawa ya gaisa da ɗaya daga cikinsu da Turkanci, suka ɗan yi raha. A nan na fara jin yadda harshen ya zauna a bakinsa, kuma na ajiye wannan a raina.

Daga bakin teku zuwa Laleli hawa ne, kuma gwiwa ce take biyan kuɗinsa. Layukan da na saba gani cike da 'yan dako masu ɗaukar dila uku a baya duk sun yi tsit, ƙofofin ƙarfe a sauke, sai allunan shaguna da rubutun Rashanci da Larabci da Faransanci. Rashancin nan tarihi ne da kansa. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, matan Rasha da Yukren da maƙwabtansu ne suka cika unguwar suna sayen kaya suna cusawa a akwati, har Turkawa suka sa wa harkar suna cinikin akwati. Mu daga baya muka zo muka tarar da tabarma a shimfiɗe.

Mun yi asuba a Masallacin Laleli. Turkawa 'yan mazhabar Hanafiyya ne, suna jinkirta jam'in asuba sai gari ya fara haske, don haka Bamalike da ya saba yin ta cikin duhu sai ya yi haƙurin zama. Sarki Mustafa na Uku ne ya gina masallacin, aka gama a 1764, kuma abin da yake burge ni da shi shi ne a kan kasuwa yake zaune. Ƙarƙashinsa shaguna ne, an yi su tun asali don kuɗin hayarsu ya riƙe masallacin. Har yau ana ciniki a ciki. Na sha yin tunanin da masu gina masallatai a zangunanmu za su riƙa haɗawa da shago huɗu ko biyar na waƙafi, da an huta da yawon faranti duk Juma'a don biyan kuɗin lantarki.

Da muka fito muka bi titin tarago zuwa dandalin Beyazit. A nan na fara ganin kakar. Akwai manyan bishiyoyi da suke kira cinar, masu faffaɗan ganye kamar tafin hannu, wasunsu sai mutum uku sun haɗa hannu kafin su zagaye gindinsu. Ganyen bai gama juyawa ba, gefe-gefensa ne ya fara yin ruwan ƙasa, wani dattijo mai shara yana tara waɗanda suka zubo da dare. Babbar rufaffiyar kasuwar nan da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Muhammadu Alfatih, wanda ya ci garin a 1453, a kulle take kamar kowace Lahadi. Muka sayi simit, burodin nan mai kama da awarwaro da aka barbaɗe da riɗi, da shayi a ƙaramin kofin gilashi mai ƙugu. Yaro ya cinye nasa a loma huɗu. Na sayi wani na miƙa masa, bai ce a'a ba. Wannan ma na ajiye wa Yaya.

Ta bayan jami'a muka ɓulla Masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya gina wa Sarki Sulaimanu daga 1550 zuwa 1557. Kowa yana maganar ƙubbarsa, ni farfajiyar baya ce ta tsayar da ni. Daga can ana hangen mashigin ruwan Halic a ƙasa, da hasumiyar Galata, da jiragen fito suna tsallakawa ɓangaren Asiya, rana tana ɗagowa ta bayansu cikin hazo mai kama da na farkon hunturunmu, sai dai shi jiƙaƙƙe ne. Kabarin Sinan ɗin yana wata kusurwa a waje, ƙarami ne har mutum zai wuce bai lura ba. Muka tsaya muka yi masa addu'a, don dajin da za mu akwai aikin hannunsa a ciki.

A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Veznejiler na ga abin da rashin takarda yake yi wa mutum. Tun kafin mu kai bakin matakala yaron ya rage sauri, ya dubi dama ya dubi hagu, ya leƙa ƙasa, sannan ya ce mu shiga. Tun 2023 hukumar kula da baƙi take ajiye motoci a dandali da bakin tashoshi, ɗan sanda ya tsayar da kai, in babu kati a kai ka motar a ɗauki zanen yatsa, nan take kwamfuta ta faɗi matsayinka. Wanda aka samu ba daidai ba sai gidan tsare baƙi, daga can sai jirgi. Kafin wannan ma, tun Janairun 2021 an daina yi wa sababbin baƙi rajistar zama a gundumar Fatih, wadda Kumkapi da Laleli da Aksarai duk suke cikinta, a 2022 kuma aka rufe unguwanni 1,169 a faɗin ƙasar inda baƙi suka yi yawa. Iyaye masu sayar da fili don tura yaro Turkiyya su san da wannan, hanyar da 'ya'yan maƙwabta suka bi shekara shida da suka wuce an toshe ta.

Jirgin ya fito fili ya tsaya a tsakiyar gada a kan ruwa, ya sake nutsewa, ya bi ta Taksim da Osmanbey har ƙarshen layi a Haji Osman. Daga nan muka hau bas mai lamba 42HM zuwa wani ɗan gari da ake kira Bahcekoi. Dab da shiga garin hanya take bi ta ƙarƙashin wata doguwar gada ta dutse mai bakuna jere. Gadar ruwa ce, Sarki Mahmudu na Ɗaya ya gina ta a 1732 don ɗauko ruwan dajin zuwa gari. Inda ruwan yake isa a raba shi unguwa-unguwa shi ne Taksim, kalmar Larabci ce mai nufin rabawa. Duk sayayyar da muke yi a can, kan famfo muke zagayawa ba mu sani ba.

Bahcekoi ƙaramin gari ne mai tsangayar koyon aikin gandun daji, da gidajen burodi, da karnuka masu alamar roba a kunne suna kwance a bakin shaguna ba ruwansu da kowa. Minti kaɗan muka yi a ƙafa gidaje suka ƙare, bishiyoyi suka rufe mu.

Abu na farko shi ne ƙamshi. Ƙasa ce jiƙaƙƙiya da ruɓaɓɓen ganye, kusa da ƙamshin ruwan farko a wajenmu amma ya fi shi nauyi. Na biyu shiru. Kwana shida kunnena yana cikin ƙarar salatif ɗin ɗaure dila, sai ga shi ina jin faɗuwar ɗan itace a kan ganye. Dajin ya haura hekta 5,000, kuma mafi yawan bishiyoyinsa wata ce da suke kira meshe, mai 'ya'ya kamar ƙaramin dabino sanye da hula. Abin dariya, su ma 'ya'yan palamut ake ce musu, sunan kifin da muka baro a Kumkapi. Akwai wata mai santsin jiki ruwan toka miƙaƙƙiya kamar turken lantarki, akwai kuma kestane, wadda 'ya'yanta suke zuwa cikin kwanso mai ƙaya sak bushiya. Lokacin faɗuwarsu ne. Ka taka kwanson da takalmi ya buɗe, sai ga 'ya'ya biyu ko uku masu sheƙi, launin goro. Su ne ake gasawa a bakin titi da sanyi, ɗanɗanonsu tsakanin dankali da gurjiya.

Wanda yake son ganin dajin ya koma ja da rawaya gaba ɗaya sai ya bari sai Nuwamba. A farkon Oktoba kore ne ya fi yawa, rawayan yana shigowa ne reshe-reshe, kamar furfura a gemun ɗan shekara arba'in. Dalilin juyawar kuwa shi ne rana tana gajarta, dare yana tsawo. Bishiya ta ji alamar sanyi na tafe, sai ta fara janye koren sinadarin da ganye yake sarrafa hasken rana da shi, ta mayar da amfaninsa cikin reshe da saiwa ta adana. Da koren ya janye sai rawayan da dama yana ƙarƙashi ya bayyana. Daga nan ta toshe mahaɗar ganyen da reshe, iska ta ƙarasa aikin. Kukarmu ma tana zubar da ganye, amma ita ƙishirwar rani take gudu, waɗannan kuwa sanyi. Gawo ne kawai ya saɓa wa kowa, ya tuɓe da damina ya yi kore da rani. Na gaya wa yaron haka, ya ce rabonsa da ganin gawo har ya manta kamanninsa.

A gefen hanya akwai ƙananan furanni ruwan hoda da suka fito daga cikin busasshen ganye, da laimar kwaɗi iri-iri. Kada wanda ya je ya taɓa ta, cikinta akwai mai kisa, kuma ko 'yan garin suna kuskurewa. Mun ga inda aladen daji suka tone ƙasa da dare. Can sama ta tsakanin rassa kuma wasu manyan tsuntsaye dangin shirwa suna kewayawa ba sa kaɗa fiffike. Duk kaka haka suke taruwa daga Turai su bi ta kan mashigin Bosforus su gangara Afirka, saboda da ɗumin iskar da take tasowa daga tudu suke tafiya, ba sa iya ratsa faffaɗan teku. Dangin shamuwa farare sun riga su wucewa tun Agusta da Satumba.

Sunan dajin ma na baƙi ne. Da Sarki Sulaimanu ya ci birnin Belgrad na ƙasar Sabiya a 1521, ya kwaso mutane daga can ya zaunar da su a nan, aka ɗora musu kula da hanyoyin ruwa. Daga baya Sinan ya shimfiɗa babban aikin ruwan da ake kira Maɓuɓɓuga Arba'in, aka gama a 1563, da gadoji waɗanda ɗayansu ya haura mita 700. Jikokin mutanen Belgrad sun zauna fiye da shekara ɗari uku, sannan a ƙarshen ƙarni na 19 aka tashi ƙauyen don kada a ɓata ruwan sha. Sunan ne ya rage, da kangon cocinsu.

Mun yi kamar rabin awa muna tafiya kafin mu isa madatsar Walida, wadda aka gina a 1796 da sunan mahaifiyar Sarki Salim na Uku. Bango ne na farin dutse a tsakiyar daji, ruwa kwance a bayansa, ganye yana yawo a kai. Kusa da ita akwai ta Sarki Mahmudu na Biyu ta 1839, mai lanƙwasa kamar baka. A kan wani benci tsakaninsu muka zauna, na ce masa, "To, ɗana, Innarka ce ta aiko ni."

Ya ce ya sani tun ranar da na sauka.

Na bar shi ya yi magana tukuna, kuma wallahi hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce, "Kawu, da me zan koma? Waɗanda muka taso tare suna ganin ina Turai. In sauka da jakar baya ɗaya?" Ya lissafa mini abin da ya aika gida a shekara ukun: kayan ɗakin ƙanwarsa, kuɗin asibitin mahaifinsa kafin ya rasu, kwanon rufin ɗaki biyu. Ya ce a Garwa zai zauna a shago ya wuni ya sayar da riga uku. Ya ce ya san masana'antun Merter ɗaya bayan ɗaya, ya san inda ake ɗinka abin da ake sayar mana a Laleli da ƙarin dala biyu a kan kowace riga. Sannan ya faɗi abin da ya fi ci masa rai: mai gidansa yana riƙe da albashinsa na wata uku, kullum sai ya ce sai kaya sun tashi. In ya tafi yau, kuɗin sun tafi.

Ni ma na kawo nawa lissafin, don ɗan kasuwa da lissafi ake shawo kansa. A farkon 2018 dala ɗaya ba ta kai lira 4 ba, a 2025 ta haura 40. Mafi ƙarancin albashi na hukuma a 2025 lira 22,104 ne, kuma marar takarda ba ya cikin wannan lissafi, abin da aka ga dama ake ba shi, ranar da aka ga dama. Ba shi da inshorar asibiti. Tarin da na ji yana yi tun Kumkapi, a ɗakin nan mai danshi zai shiga Disamba da Janairu da shi. Na tambaye shi nawa ya ajiye. Ya faɗa. Ko kuɗin dila ɗaya ta rigunan yara bai kai ba.

Sai na zo kan dokar, wadda ita ce ƙashin bayan maganar, kuma ina so iyaye su fahimce ta. Wanda zamansa ya wuce ƙa'ida, in ya je filin jirgi da ƙafarsa ya biya tara, ana hana shi shiga ƙasar na wani lokaci gwargwadon daɗewar da ya yi, daga wata ɗaya har zuwa shekara biyar. Wanda ya wuce da shekara ɗaya bai kai biyu ba, haramcin shekara ɗaya ne. Ya kai biyu, ya zama shekara biyu. Ya haura uku, biyar. Wanda kuma aka kama aka mayar, nasa ya fi tsanani, kuma in bai biya tarar ba tana nan tana jiransa. Akwai lambar waya 157 ta hukumar baƙi, ana amsawa har da Larabci da Ingilishi, a kira a tabbatar kafin a yanki tikiti.

Na ce masa ga abin da na zo da shi. Zan biya tarar da tikitin daga uwar kuɗina, bashi ne, zai biya a hankali. Ya zo ya riƙe mini shago na biyu. Yanzu rabin sarin Laleli a WhatsApp da Telegram ake yin sa, kuma mu da ba mu jin Turkanci dillali ne yake cin la'ada a kanmu sau biyu, wajen mai shago da wajenmu. Shi zai yi magana da masana'anta kai tsaye, ya yi mini, ya yi wa wasu Alhazan ya ci kamashonsa. In shekara ta cika ya nemi bizar kasuwanci ya dawo, ya sauka a masauki, yaran kago su ɗaure masa nasa kayan.

Ya daɗe bai ce komai ba. Mutane sun fara shigowa, masu gudu da matsattsun kaya, da iyalai ɗauke da butar shayi mai hawa biyu da kwandunan karin kumallo. Wata tsohuwa ta wuce da jikanta, ta ga baƙi, ta miƙo mana kestane cike da hannu ta yi gaba.

Da ya buɗe baki cewa ya yi in ba shi zuwa bayan sallah ƙarama, ya karɓi kuɗinsa, ya ɗan tara na tsaraba. Na ce ba ni ne zan ba shi lokaci ba, katin ne, ya duba ranar da ya mutu. Bai tuna daidai ba, ya ce cikin Disamba ne dai.

Ƙarfe goma da rabi a can, takwas da rabi ke nan a Garwa, na kira Yaya na miƙa masa wayar na tashi na ba su wuri. Na zagaya bayan madatsar na dawo, na tarar yana cewa "To, Inna. To, Inna," yana murza ƙayar kestane da takalmi. Ban tambaye shi abin da ta ce ba. Da muka kama hanyar komowa ya tsaya ya cika aljihunsa da 'ya'yan, ya ce in kai mata, amma in gaya mata ba goro ba ne, sai an tsaga an gasa, in ba a tsaga ba fashewa suke yi a wuta.

Ranar Litinin da daddare ya zo masaukina da katin. Ranar 19 ga Disamba zai cika shekara biyu da mutuwa. Muka ƙirga a kalandar waya, sati goma da 'yan kwanaki. Washegari na saka babbar riga na je ofishin da yake aiki, a matsayin mai kaya wanda zai auna dila goma sha ɗaya, kuma kawun yaron. Shi ya yi mana tafinta. Na ce a biya shi haƙƙinsa kafin a ɗora kayana a sikeli, in ba haka ba ofisoshin kago a layin nan sun fi ashirin. Aka kawo shayi, aka yi ta rantsuwa, aka ƙirgo na wata ɗaya, aka ce sauran ƙarshen wata.

Kuɗin tara da na tikiti na bar su a hannun wani dattijo ɗan Agadas da ya daɗe a garin da takardunsa cikakku, da sharaɗin ba za a ba yaron a hannu ba, shi zai yanki tikitin ya raka shi filin jirgi. Yaya ta karɓi kestanenta, ta gasa huɗu ta ɗaure sauran a gefen zane. Ta tambaye ni ko ya rame, na ce ya rame. Jiya dattijon ya turo mini saƙon murya cewa an biya wata na biyu, kuma yaron ya zo da kansa ya tambayi kuɗin jirgin ranar 10 ga Disamba, amma bai ce a yanka ba tukuna.